Kimiyya Ko Adabi: Wane Aji 'Yarki Za Ta Shiga?

 Wadda ke tuƙin tuwo ta ci gaba da tuƙinta, mai kitso ta ci gaba da kitsonta, kunne kawai muke so a ara mana.

Uwargida, akwai wata rana a rayuwar 'yarki wadda take zuwa ta wuce shiru, ba guɗa ba biki, alhali abin da aka yanke a ranar yana iya bin ta har tsufanta. Ita ce ranar da ta gama aji uku na ƙaramar sakandare ta shiga babbar sakandare, aka ce kowa ya zaɓi ɓangarensa. A nan ake raba yara gida uku. Akwai ajin kimiyya, wanda yaran ke kira sayans, inda ake karanta fizis da kemistiri da bayoloji. Akwai ajin adabi da zamantakewa, wanda suke kira at, inda ake karanta adabin Turanci da darasin gwamnati da tarihi da addini da Larabci da Hausa. Sai kuma ajin kasuwanci. Turanci da lissafi kuwa kowa sai ya yi.

To wa yake yin zaɓin? Sau tari yarinya ce 'yar shekara goma sha huɗu ko sha biyar, ta dubi inda ƙawarta ta shiga ta bi ta. Ko kuma malamai su ɗauki takardar sakamako, su kwashe na sama su zuba a kimiyya, ragowar a ce su tafi at. Maigida yana kasuwa ko ofis, ke kina gida, sai dai ki ga an canza littattafai. Sai bayan shekara uku, ranar cike takardar JAMB, yarinya ta ce ita nas take so ta zama, a ce mata ai ba ki yi kemistiri ba. Ran nan ake kuka, kukan kuma ba ya gyara komai.

Bari mu fara da abin da kowa ke faɗa, cewa kimiyya ita ce gaba, at kuwa na waɗanda suka kasa ne. Maganar ba daga sama ta faɗo ba. Manufar ilimi ta ƙasar nan ta daɗe da tanadin cewa a jami'o'i a ba ɓangaren kimiyya aƙalla gurbi 60 cikin kowane 100, sauran fannoni su raba 40. A jihar Kano tun 1977 aka buɗe makarantun sakandaren kimiyya na musamman a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, saboda a lokacin likitoci da injiniyoyi 'yan asalin jihar ba su taka kara sun karya ba. Bayan 'yan shekaru aka buɗe ta 'yan mata a Taura, wadda yanzu take cikin jihar Jigawa. Da yawa daga cikin likitocin da ke duba mu a asibitocin Kano da Jigawa daga waɗannan makarantu suka fito. Saboda haka in maigida ya ce shi dai kimiyya, yana da hujjarsa.

Mu mata ma muna da tamu hujjar, wadda ta fi tasa nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 kaɗai mata kimanin 75,000 suka rasu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk irin wannan rashi a duniya baki ɗaya. Ba sai na gaya miki wane yanki ne ya fi ɗaukar kaso mai tsoka ba, kin san gidajen da kika je ta'aziyya. Zubar jini bayan haihuwa, jijjiga, doguwar naƙuda. Wadda ta tsira daga doguwar naƙudar ma wani sa'in ta tashi da yoyon fitsari, sai an kai ta irin asibitin Babbar Ruga da ke Katsina an yi mata aiki. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, cikin dalilan da ke sa a makara ba a kai mace asibiti ba akwai cewa namiji za a tarar. Maigida ba ya so, ke ma kunya kike ji. To in muna son mace ta yi mana awo, mace ta karɓi haihuwarmu, daga wane gida za ta fito? Ba za a yi mana odar ta daga Indiya ba. Gidan da ya ce matarsa sai likita mace, sannan ya hana 'yarsa karatun da ake zama likitar, ya jingina ne da 'yar maƙwabci, maƙwabcin kuma shi ma irin tunaninsa ke nan.

Ki riƙe wannan da kyau: makarantar nas da ta ungozoma suna neman kiredit biyar, Turanci da lissafi da fizis da kemistiri da bayoloji, kuma a same su a zama ɗaya ko biyu. Haka karatun likita, haka na haɗa magunguna, haka na gwajin jini. Duk ta ƙofa ɗaya ake shiga, ƙofar ajin kimiyya. Saboda ƙarancin 'yan matan karkara masu waɗannan kiredit ɗin ne ma daga 2012 aka gudanar da wani shiri da tallafin gwamnatin Ingila a jihohin Kano da Jigawa da Katsina da Zamfara da Yobe, inda ake ɗauko yarinya daga ƙauyensu a yi mata karatun share fage, ta gyara sakamakonta, ta karanci ungozoma, ta koma ta yi wa mutanenta aiki. Kin ga wahalar da ake sha wajen gyaran abin da aka bari ya wuce tun farko.

Amma kada ki ɗauka duk wadda ta shiga kimiyya likita za ta zama. A nan ne iyaye da yawa ke yaudarar kansu. Guraben karatun likita kaɗan ne, masu nema dubbai. JAMB maki 400 ne, kuma wadda ke son likitanci sai ta ci maki mai tsoka ƙwarai kafin a ko dube ta. In ta samu, shekara shida ce a jami'a in ba a yi yajin aiki ba, da shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, da shekarar hidimar ƙasa. Wadda ba ta samu ba sai a tura ta wani kwas ɗin kimiyyar da ba ta nema ba, ta yi shekara huɗu tana haddar sunayen ƙwayoyin cuta, ta fito ba masana'antar da za ta ɗauke ta. Ki je Sharaɗa ko Bompai ki ƙirga kamfanonin da ke rufe, ki je Kaduna ki ga masaƙun da suka zama kango. Akwai masu digirin kimiyya da yawa da ke zaune a ɗaki suna sayar da atamfa da turaren wuta ta waya. Ba laifi ba ne, sana'a ce, amma ba sai an sha wahalar kemistiri ake yin ta ba.

Akwai kuma maganar da ba a son yi sai aure ya zo. Aikin asibiti yana da kwanan dare. Nas za ta bar gida da magariba ta dawo da safe, ranar salla ma wani sa'in tana bakin aiki. Idan kun sa yarinya a wannan hanya, to ranar da manema suka zo a faɗa musu tun kafin a karɓi kuɗin gaisuwa, a ji ta bakinsu a gaban manya. An sha ganin wadda ta yi shekara uku tana karatun nas, aka ɗaura aure, takardar ta shiga ƙasan akwati, ba ta sake fitowa ba.

Mu juyo ga ajin da ake rainawa. Ni dai raina shi da ake yi yana ba ni mamaki, don kuwa ko yarinya ta ci fizis da kemistiri kamar me, in ta faɗi Turanci ba jami'ar da za ta ɗauke ta. Duk kimiyyar da Turanci ake koyar da ita, da shi ake tambaya, da shi ake amsawa. Yara da yawa da ake cewa ba su da kan lissafi, ba lissafin ne ya gagare su ba, tambayar ce ba su gane ba. Harshe shi ne kwanon da ake zuba kowane karatu a ciki, in ya huje komai zubewa yake.

Daga wannan ajin ake samun lauya da alƙali. Mai shari'a Aloma Mariam Mukhtar ita ce mace ta farko da ta zama Alƙalin Alƙalan Najeriya, daga 2012 zuwa 2014. Mai shari'a Zainab Bulkachuwa ta shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 2014 zuwa 2020, ita ma mace ta farko a wannan kujera. Marigayiya Hajiya Bilkisu Yusuf, wadda ta rasu a Mina a aikin hajjin 2015, ta riƙe muƙamin editan jaridar New Nigerian. Karatun lauya shekara biyar ne a jami'a, da shekara guda a makarantar lauyoyi, akwai ma reshenta a Bagauda. Kuma ke kin san buƙatarmu a nan ba ta gaza ta asibiti ba. Macen da aka saka aka riƙe mata kayan ɗaki, wadda aka ƙwace wa yaro yana kan nono, marayun da baffa ya cinye wa gona, wa za su kai wa kuka su faɗi komai ba kunya in ba mace 'yar uwarsu da ta san doka ba?

Sai koyarwa, wadda ita ce aikin da ya fi zama daidai da rayuwar matar aure a ƙasarmu. Ki fita da safe ki dawo da azahar, hutun yara hutunki. Takardar NCE shekara uku ce. Albashin ba yawa, wannan kowa ya sani, amma wadda ta iya koyarwa ko an hana ta fita tana iya tara yaran unguwa a zaure ko tsakar gida ta yi musu lesin a biya ta. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'yan taru, inda take naɗa jajis ta ba su malfa, su zaga ƙauyuka suna karantar da mata a cikin gidajensu. Makamin aikinta harshe ne da waƙa. A zamaninmu ma ga Hafsat Abdulwaheed da Balaraba Ramat Yakubu da ɗimbin marubuta mata da littattafansu suka shiga ɗakunan da ba malamin da zai iya shiga. Tun 2016 Sashen Hausa na BBC ke shirya gasar Hikayata ta mata zalla, kuma ana cin kuɗi a ciki.

Wani abu da nake so ki lura da shi, wannan katanga da aka gina tsakanin lissafi da karatun addini ko adabi, magabata ba su san ta ba. Ɗauki rabon gado. A ce mutum ya rasu, bayan an biya bashi da wasiyya ya bar naira 2,400,000. Ya bar mata ɗaya, da mahaifiyarsa, da ɗa namiji ɗaya da 'ya'ya mata biyu. Matar tana da tumuni, ɗaya cikin takwas, naira 300,000 ke nan. In su biyu ne, wannan tumunin za su raba, kowa 150,000. Mahaifiya tana da sudusi, ɗaya cikin shida, naira 400,000. Saura 1,700,000, a kasa huɗu, namiji ya ɗauki kaso biyu, 850,000, kowace mace ta ɗauki 425,000. To wannan fiƙihu ne ko lissafi? Malamin nan na Bagadaza, Alkawarizmi, wanda ya rayu a ƙarni na 9, wanda daga sunan littafinsa aka samo kalmar aljabara da ke wahalar da yaranmu a makaranta, babban kaso na littafin nan kan wasiyya da rabon gado ya yi shi. Matar da ba ta san ɗaya cikin takwas na abin da mijinta ya bari ba, abin da aka miƙo mata shi za ta karɓa ta yi godiya.

Za ki ce to duk wannan na jiya da yau ne, gobe fa? Yarinyar da ke shiga babbar sakandare bana sai nan da shekara takwas ko goma za ta fara neman aiki, kuma duniyar tana sauyawa da sauri. Tun ƙarshen 2022 da aka fito da manhajar ChatGPT, na'ura ta fara yin ayyukan da a da sai mai digiri. Tana rubuta wasiƙa, tana fassara, tana warware lissafi, har rubuta manhajar kwamfuta tana yi. Ƙila ma kin ga yaranki suna tambayar ta aikin gida a waya. Wasu suka ce shi ke nan masu adabi sun shiga uku, tunda na'ura ta iya rubutu. Amma ai ta iya lissafin ma, ba ɓangaren da ta ƙyale. Abin da na lura da shi shi ne, aikin da ake yi daga nesa a kan takarda shi ne ya fi shiga haɗari, kowane aji mai shi ya fito. Aikin da sai an zo an taɓa mutum, ko an zauna da shi an saurare shi, shi ne mai wuyar ƙwacewa. Na'ura ba za ta karɓi haihuwa a ƙauye da ƙarfe biyun dare ba. Ba za ta riƙe hannun ɗan shekara shida ta koya masa rubuta baƙi ba, ba kuma za ta zauna tsakanin mata da miji ta gane wanda ke ɓoye magana ba.

To in kin tambaye ni ra'ayina, ga shi, ba zan ɓoye ba. Idan yarinya tana jan lissafi daidai gwargwado, ba ta tsoron sa, kuma ita kanta ba ta nuna wani abin da zuciyarta ta kafe a kai ba, a bar ta a kimiyya. Ba don kimiyya ta fi daraja ba, sai don ƙofarta in ta rufe tana da wuyar buɗewa. Wadda ta yi kimiyya, in daga baya ta ga lauya take so, za ta iya sayen littattafan adabin Turanci da na darasin gwamnati ta karanta a ɗakinta, ko da goyo a bayanta, ta zauna jarrabawar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu ta cike abin da ya rage. Wadda ta yi at kuwa ta dawo tana son nas, fizis da kemistiri na shekara uku ke jiran ta, kuma waɗannan ba kasafai ake koyon su ba malami ba ɗakin gwaje-gwaje ba.

Sai dai akwai sharaɗi biyu. Na farko makarantar. Akwai makarantun da ajin kimiyyarsu suna ne kawai, ba malamin fizis, ɗakin gwajin kuma an mai da shi wurin ajiye karyayyun kujeru. Yaro ya gama bai taɓa riƙe kwalbar gwaji ba sai ranar jarrabawa, daga nan sai a koma neman satar amsa. Nas ɗin da ta ci jarrabawa da satar amsa kuwa, jikin wani za ta je ta koyi aikin. In makarantarku haka take, ko dai a nema mata ta kimiyya ta gwamnati, ana shiga ne ta jarrabawa bayan aji uku, ko kuma ta yi at ɗin da ake koyarwa da gaske.

Na biyu yarinyar. Akwai wadda tun tana firamare in ta samu littafi ba ta jin kira, ga baki, ga iya jera magana, in ana musu a gida ita ke raba gardama, amma da ta ga lambobi sai idonta ya cika da hawaye. Wannan in kika tura ta kimiyya don a ce 'yar wance likita za ta zama, za ta yi shekara uku tana bin bayan aji, ta fito da sakamakon da ba zai kai ta ko'ina ba, ta kuma ɗauka ita daƙiƙiya ce, alhali lauya ko malama kuka ɓatar. Gara kiredit takwas a at da faɗuwa a kimiyya.

Za ki ce ke da ba ki fita, ƙila ma bokon bai yi nisa ba, me za ki iya? Da yawa. Ki sa a kawo miki takardun sakamakonta na aji ɗaya zuwa uku, ki jera su. In ba kya karantawa, ɗan maƙwabta ya karanta miki makin lissafi da na Turanci da na kimiyya, ki ji wanne ke hawa wanne ke sauka. Ki gwada ta da sana'arki: ga kuɗin gyaɗa, ga na itace, ga na niƙa, ga abin da aka sayar na mai da ƙuli-ƙuli, ta fitar miki da riba. Ki ba ta littafin adashe ta riƙe. A nan za ki gane ko kanta na ɗaukar lissafi, fiye da yadda malamin da ke da yara tamanin a aji zai gane. Ki tambaye ta abin da take so ita kaɗai, ba a gaban ƙawaye ba. Sannan ki samu lokacin da maigida ya ci ya ƙoshi, ki roƙe shi ya je makarantar da ƙafarsa kafin a raba azuzuwa, ya tambaya ko akwai malamin fizis da na kemistiri, ya ce a nuna masa ɗakin gwajin. In shi ba zai samu zuwa ba, yayanta ko kawunta ya je.

Wata sanarwa kuma da nake so in ja kunnenki a kanta. A watan Oktoba na 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ce kiredit a lissafi ya daina zama dole ga masu neman karatun fannonin adabi a manyan makarantu, daga baya ta ƙara bayani cewa duk da haka kowane ɗalibi sai ya zauna jarrabawar lissafin. Yara sun ji rabin farko sun yi ta murna. Kada ki bari 'yarki ta jefar da littafin lissafinta saboda wannan. Dokar shiga makaranta wani minista ya sa wani ya cire, tumunin takaba kuwa yana nan ɗaya cikin takwas.

Ke kanki uwargida, in kin yi sakandare aure ya katse miki, akwai Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wato NOUN, wadda akasarin karatunta daga gida ake yi, sai jarrabawa ake zuwa cibiya. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu yi bayanin yadda ake shiga, da takardun da ake nema, da yadda za ki shawo kan maigida ya amince. Kafin nan a nemo takardun sakamakon nan a duk inda aka cusa su, a kakkaɓe musu ƙura.